"TSAYA NAN! INA ZA KA?": Jawabi Ga Jama'ar Kahu A Kan Ikon Ɗan Sanda Da Iyakarsa

Jama'ar Kahu, da na Tarai, da Durba, da Fammar, da Nariya, da sauran ƙasar Kibiya da Rano baki ɗaya, dattawa da samari, iyaye mata da 'yan mata.

Ga shi kakar zaɓe ta sake zagayowa. Kowace jam'iyya ta baje kayanta a kasuwa. Wannan ya ce taki, wancan ya ce burtsatse, wani ya ce kwalta har ƙofar gida. Waɗannan duk abubuwa ne na bukata, muna kuwa da namu bayani a kansu. Amma yau magana ɗaya tak na zo da ita, maganar da kowa ke yi a zaure da tashar mota, amma ba a cika hawa da ita kan dandali ba. Watau maganar mutumin nan mai kaki da bindiga, wanda ke ɗaga maka hannu a kan hanya ya ce, "Tsaya nan! Ina za ka? Me ka ɗauko?"

Kai manomi da ka ɗora buhun masara ko na dawa a kan babur za ka kasuwar Rano, ka san wannan murya. Kai direban a-kori-kura da ke lodin hatsi zuwa Dawanau, ka san wurare nawa kake rage wuta kafin ka wuce Bunkure ka shiga birni, ka kuma san abin da yaron motarka ke dunƙulewa a hannu. Ke uwa da aka taɓa tsare ɗanki don askinsa ko don wayar da ke aljihunsa, kin san yadda zuciya ke bugawa. To, tambayar ita ce: wa ya ba shi wannan iko, kuma a ina ikon ya tsaya?

MUNA BUKATAR 'YAN SANDA

Tun da fari bari in share fage, kada wani ya tafi ya ce mun zo Kahu muna zuga jama'a su ƙi hukuma. Ko kusa! Ƙasar da ba ɗan sanda, ƙasar ɓarawo ce. Mu da muke da dajin Falgore a kudancinmu, ba sai an ba mu labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane ba. Mun kuma tuna ran 20 ga watan Janairu na 2012, ranar da 'yan Boko Haram suka far wa ofisoshin 'yan sanda a birnin Kano, aka rasa rayuka sama da 180, da 'yan sandan da farar hula. Bayan wannan rana shingaye suka cika gari, har ya zama mai babur sai ya sauka ya tura kafin ya wuce. Jama'a suka daure, don sun san dalili.

Saboda haka ikon tsayarwa da bincike iko ne na halal. Ta nan ake kama bindiga a ƙarƙashin buhu, ta nan ake gano babur ɗin sata. Kurtun nan da ke tsaye cikin rana kuwa, ai ba ɗan sarki ba ne, ba ɗan attajiri ba. Ɗan talaka ne kamarka, daga wani ƙauye kamar naka. Abin da muke cewa shi ne, wuƙa ma da take yanka nama tana da kube. Ikon da ba shi da iyaka, ko a hannun wa aka sa shi, ƙarshensa zalunci. Gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

DAGA INA AKA FARO

Dattawan da ke cikinku sun ga zamanin 'yan doka, watau 'yan sandan En'e. A lokacin nan ɗan doka na Sarki ne da Hakimi. In ya ce ka tsaya ka tsaya, in ya ce ka durƙusa ka durƙusa, ba ka da bakin tambayar dalili. Da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga watan Agusta na 1950, da 'yan doka da kotunan alkalai aka riƙa farautar masu bin ta. Taro ba izni laifi, waƙa laifi, ƙin cire takalmi laifi. An ɗaure, an yi bulala, an kori wasu daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai sau 16 tana shiga kurkuku. Wannan ɓarna tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin Janar Yakubu Gowon, a ƙarshen shekarun 1960, ta karɓe 'yan doka daga hannun En'e ta haɗe su da 'yan sandan Nijeriya.

To amma su 'yan sandan Nijeriyar, da wace doka suke aiki? Da dokar da Turawan mulkin mallaka suka rubuta a 1943. Wannan doka ta ba ɗan sanda ikon ya tsare ya kuma binciki duk wanda yake zato yana ɗauke da kayan sata ko na haram, ta yi shiru a kan yadda za a yi binciken, da abin da za a gaya wa wanda aka tsare. Bature ya tafi a 1960 ya bar mana dokarsa, muka riƙe ta har shekara 77 daga ranar da aka yi ta. Gwamnatin farar hula ta zo ta wuce, ta soja ta zo ta wuce, doka tana nan yadda Gwamna ya bar ta.

Shi kansa Baturen bai zauna da irin wannan a gidansa ba. A Ingila suna da tsohuwar doka ta 1824 wadda ta ba ɗan sanda damar kama mutum a kan zato kurum. A watan Afrilu na 1981, a unguwar Birikistan ta birnin Landan, inda baƙar fata suka yi yawa, 'yan sanda suka tsare mutum fiye da 900 cikin 'yan kwanaki suna lalube su. Unguwa ta kama da wuta. Aka naɗa babban alƙali, Lod Sikaman, ya bincika. A wannan shekarar aka soke dokar zato, a 1984 kuma aka yi sabuwa wadda ta tilasta wa ɗan sanda ya faɗi sunansa, ya faɗi dalilinsa, ya kuma rubuta abin da ya yi. Ashe mai kayan ya yar da kayansa, mu muna nan muna riƙe da su kamar gadon uba!

A nan gida ma an sha ba da umarni. A 2012 Sufeto-Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya ce a kwashe shingaye daga hanyoyin ƙasar nan, don sun zama wurin karɓar na goro. A 2017 Sufeto-Janar Ibrahim Idris ya maimaita. Ran 4 ga watan Oktoba na 2020 Sufeto-Janar Muhammad Adamu ya hana rundunar SARS da irinta tare hanya da binciken wayoyin mutane ba gaira ba dalili, bayan mako guda kuma, ran 11 ga wata, ya rushe SARS ɗungum saboda zanga-zangar da matasa suka yi. Ku lura da kyau: umarnin da sai an yi ta maimaita shi, alama ce ba a bin sa.

ABIN DA DOKA TA CE

Yanzu ku kasa kunne, nan ne gundarin maganar. A watan Satumba na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar 'Yan Sanda, wadda ta soke ta 1943. Yawancin mutanenmu ba su taɓa jin labarinta ba. Rashin sani kuwa ya fi dare duhu, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami. Ga abin da ke ciki, a taƙaice, da Hausar da kowa zai gane.

Na ɗaya. Sashe na 49 ya ba ɗan sanda ikon tsayar da mutum ko mota ya bincika, amma sai in yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zato cewa akwai kayan sata, ko makami, ko wani abin da doka ta hana. Ganin dama ba dalili ba ne. Neman na shayi ba dalili ba ne.

Na biyu. Sashe na 50 ya ce tilas ya kasance cikin kaki, ko kuwa yana rataye da katin shaidarsa a inda ido zai gani. Kafin ya taɓa ka, sai ya tambaye ka bayani tukuna. In bayaninka ya gamsar, bincike ya faɗi. In kuwa zai bincika, wajibi ne ya gaya maka sunansa, da sunan ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilinsa. Abubuwa huɗu ke nan. Ka ƙirga su a yatsunka, ka koya wa ɗanka.

Na uku. Doka ta ce a yi bincike ba tare da tozarta mutum ba, a nemi haɗin kansa, kada a yi amfani da ƙarfi sai in ya ƙi ko ya yi turjiya, kada kuma a tsare shi fiye da kima. A bainar jama'a, abin da aka yarda shi ne a duba tufafin waje sama-sama. In sai an tuɓe riga ko an cire abin da ke kai, to a keɓe za a yi, namiji ya binciki namiji, mace ta binciki mace. Iyayenmu mata, wannan taku ce. Ba namijin da doka ta ba ikon ya ce ki cire mayafi ko hijabi a bakin titi.

Na huɗu, wannan kuwa ta samari ce. Sashe na 54 ya lissafa abubuwan da ba za su taɓa zama dalilin zato ba: launin fata, shekaru, irin aski ko kitso, irin sutura, ko cewa an taɓa ɗaure mutum a baya a kan riƙe wani abin haram, ko kuwa kuɗin goro da ake yi wa wata ƙabila ko wani rukuni cewa su ne masu laifi. Watau ba a tsare Bafulatani don shi Bafulatani ne da sanda. Ba a tsare yaro don ya tara suma. In askin ɗanka bai yi maka ba, wannan tsakaninka da shi ne a cikin gida, ba aikin caji ofis ba ne.

Na biyar. Ɗan sandan da ya yi bincike, doka ta ce ya rubuta: wa ya bincika, yaushe, a ina, don me, me ya samu. Rubutun nan shi ne shaidar talaka. Abin da aka rubuta ana iya bin sawunsa, abin da ba a rubuta ba kuwa sai a ce ba a yi ba.

To, in abin ya wuce bincike ya kai ga kamu fa? Nan ma akwai iyaka. Tilas a gaya maka laifin da ake tuhumarka da shi nan take. Kana da ikon ka yi shiru har sai ka ga lauya ko wani wanda ka amince da shi, wannan yana cikin sashe na 35 na Tsarin Mulkin 1999. Tilas a sanar da danginka inda kake, ba da kuɗinka ba. In ba ka da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar gwamnati mai ba da lauya kyauta, tun 1976 aka kafa ta. In akwai kotu a tsakanin kilomita 40 daga inda aka tsare ka, kwana ɗaya ne a kai ka gabanta, in babu, kwana biyu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, Tsarin Mulki ya ce a biya shi diyya a kuma ba shi haƙuri a fili.

Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ya haramta kama wani a madadin wani. Ba a kama uba don ɗansa ya gudu, ba a kama mata don ba a sami miji ba. Haka nan ba a kama mutum a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, wannan aikin kotu ne. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta sa duka da rataya da gashi don a tilasta wa mutum amsa laifi sun zama laifi babba a kan wanda ya yi su, kome girman anininsa. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, su da kansu suke rubutawa a bango. Mace kuma tana iya tsaya wa mutum beli, dokar shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta faɗa ƙarara. Wayarka kuwa, sashe na 37 na Tsarin Mulki ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka ta waya.

Jama'a, wannan duk ba alkawarin jam'iyya ba ne. Doka ce da ta riga ta zama doka. Majalisar Tarayya ta zartar, Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Abin da ya rage shi ne ta sauko daga Abuja ta iso hanyar Kibiya.

ABIN DA YA FARU A RANO

In wani yana ganin wannan zancen 'yan boko ne, to ya tuna da abin da ya auku a nan ƙofar gidanmu. Ran Lahadi 25 ga watan Mayu na 2025, da dare, 'yan sanda suka kama wani saurayi mai gyaran babur a garin Rano. Rundunar 'yan sanda ta ce a kan tuƙin ganganci aka kama shi, ta ce da jikinsa ya yi rauni aka kai shi Babban Asibitin Rano. Gari ya waye ran Litinin yaro ya cika. Mutanen gari suka ce duka ne ya kashe shi. Kafin a ce kwabo, taro ya afka wa ofishin 'yan sanda, aka sa wuta, aka farfasa motoci, aka jikkata Baturen 'Yan Sanda na Rano, Baba Ali. Aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, can shi ma ya cika. Daga baya aka kama mutane da dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalansu haƙuri.

Tantance mai gaskiya da mai laifi a wannan al'amari aikin bincike ne da kotu, ba aikin dandalin siyasa ba. Amma akwai darasin da ba sai alƙali ya karanta mana ba. Daga tsayar da babur guda ɗaya, gida biyu suka yi makoki. Uwa ta rasa ɗa, 'ya'ya suka rasa uba. Ofishin da aka gina da kuɗin jama'a ya ƙone. Samari suka kwana a tsare, wasu suka bar gari. Wa ya ci riba? Ba kowa.

Me ya sa jama'a suka ɗauki dutse da ashana, ba su ɗauki takarda da alƙalami ba? Domin ba su yarda akwai ƙofar da za su ƙwanƙwasa a buɗe musu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ran da talaka ya fid da rai ga hukuma, ran nan ne shaiɗan ke samun limanci. Ina faɗa da babbar murya: ɗaukar doka a hannu haramun ne, kisan ɗan sanda kisan kai ne, ba mu goyon bayansa ko da wasa. Ina kuma faɗa da murya irin wannan: ran talakan da ke tsare amana ce a wuyan wanda ya tsare shi. Wanda ya shiga caji ofis da ƙafarsa, da ƙafarsa ya kamata ya fito, ko zuwa gida ko zuwa kotu. Doka ɗaya ce ke kare mai babur, ita ce kuma ke kare Baturen 'Yan Sanda. In aka taka ta a gefe guda, ɗaya gefen ma ba zai tsira ba.

YADDA ZA KA YI IN AN TSARE KA

Ɗan'uwa, ga shawara, ka riƙe ta. In an ɗaga maka hannu, ka tsaya. Kada ka gudu, mai bindiga ba a yi masa tsere. Ka kashe inji, hannunka a fili. Ka yi sallama, ka yi magana da ladabi, ladabi ba tsoro ba ne. Takardun abin hawanka da lasin su zama cikakku, don wanda takardarsa ta mutu shi ya ba da wuyansa. Sa'an nan cikin natsuwa ka ce, "Ranka ya daɗe, wane ofishi kuke? Me ake nema?" Ka dubi sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu, ka riƙe wuri da lokaci a ka. In za a buɗe kayanka, ka tsaya a kai, idonka na gani. Kada ka yi kokawa, kada ka yi zagi, ko da kai ke da gaskiya. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Bakin titi da dare ba wurin cin shari'a ba ne. Ka tsira da ranka tukuna, gobe ka kai ƙara.

Ina za ka kai? Akwai Baturen 'Yan Sanda na yanki, sama da shi akwai Kwamanda na shiyya, sama da shi akwai Kwamishina a Bompai. Akwai sashen karɓar koke-koken jama'a da rundunar ta buɗe a 2015 zamanin Sufeto-Janar Solomon Arase. Akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda Tsarin Mulki ya ba ikon ladabtarwa da kora. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofishi a Kano. Akwai kotu. Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da mai unguwa, ko shugaban ƙungiyarku ta direbobi ko ta masu babur, ko wani malamin makaranta mai iya rubutu. Tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Wata gaskiyar kuma mai ɗaci, tamu ce mu jama'a. Duk ran da ka miƙa naira ɗari biyu don a ƙyale ka da lodin da ya wuce kima, kai ma ka sa bulo a ginin shingen nan. Wanda ya saba karɓa a hannun mai tumatir, ran da mai bindiga ya zo da kuɗi ya fi naka, shi ma wucewa zai yi. Kuɗin nan kuma ba daga sama yake faɗowa ba. Direba ya ƙara a kan kuɗin lodi, ɗan kasuwa ya rage a kan farashin buhunka. Ashe manomin Kahu ne ke biya, ko bai taɓa hawa motar ba.

ABIN DA ƘURI'ARKA ZA TA IYA

Ba zan yi muku ƙaryar 'yan siyasa ba. Ɗan majalisa ba ya ba ɗan sanda oda, shugaban ƙaramar hukuma ma haka. Amma wakilin da za ku tura Majalisar Tarayya daga mazaɓar Rano da Bunkure da Kibiya, da Sanatan Kano ta Kudu, su ne ke zama a kan kasafin kuɗin 'yan sanda, su ke da ikon kiran manyansu su yi bayani. Wanda za ku tura Majalisar Jiha shi ke zama a kan kuɗin kotuna da Ma'aikatar Shari'a. Saboda haka ga abin da 'yan takararmu suka ɗauka a wuyansu, ku rubuta ku ajiye, ku tuhume mu da shi.

Za mu sa a fassara waɗannan sassa na doka da Hausa, boko da ajami, a manna a kowane caji ofis da tasha da kasuwa a ƙasar Kibiya da Rano, a kuma riƙa karantawa a rediyo. Doka ta ce majistare ya riƙa ziyartar wuraren tsare mutane kowane wata, ya duba littafin kamu, ya ba da belin wanda ya cancanta. Za mu tsaya a ba shi mota da mai, mu kuma nemi rahoton ziyarar. Doka ta ce a sa lauya a kowane babban ofishin 'yan sanda na yanki don lura da haƙƙin waɗanda aka tsare. Za mu bi sawu har a ga nasu Rano da Kibiya. Ofishin wakilinmu na mazaɓa zai ajiye littafin koke da wanda zai rubuta wa marar ilmin boko takarda kyauta, ya kuma raka shi. Duk ran da wani ya mutu a tsare, za mu nemi likita ya duba gawa, a yi bincike a fili, a gaya wa iyayensa sakamako. Za mu zaunar da kwamitin jama'a da 'yan sanda a kai a kai, da dagatai da limamai da matasa da mata a ciki, don a kashe wuta tun tana ƙarama.

Sa'an nan za mu yi faɗa don shi kansa kurtun. A biya shi albashin da zai riƙe gida, a kan kari. A gyara barikinsa. A ba ofishinsa man mota da takarda, don kada mai kawo ƙara ya zama shi ke sayen mai. A biya haƙƙin iyalan wanda ya mutu a bakin aiki ba tare da yawo da hankali ba. Wanda aka ba bindiga aka hana shi abinci, an aike shi farauta ne a kan titi. Hukunta kurtu kaɗai alhali na sama da shi yana jiran kasonsa, an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai kuma zancen 'yan sandan jiha. A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka zauna suka amince a duba yiwuwar kafa su. Matsayinmu a nan ɗaya ne: kowane irin kaki aka ɗinka, na tarayya ko na jiha, har da 'yan sintiri da 'yan banga, duk wanda zai tare talaka a hanya to iyakokin nan su hau kansa. Iyayenmu ba su sha bulalar 'yan doka don jikokinsu su sake ganin ɗan doka da sabon suna ba.

Ku tambayi duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, namu da na wasu: me sashe na 50 ya ce? Ina kake ran da Rano ta kama da wuta? Me ka yi daga baya don kada a sake? In ya fara kame-kame, ya ciro atamfa da taliya da sabulu, kun san amsa. Taliya kwana ɗaya ce, wakilci shekara huɗu ne. Wanda ke yawo da 'yan sanda a gaba da baya suna buɗe masa hanya da jiniya, bai san zafin shinge ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗan'uwa mai karatu, in ka gama da wannan takarda kada ka naɗe ƙosai da ita. Ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai yi boko ba. Ka karanta a majalisar dare, a tashar babura, a gidan biki. Ke 'yar'uwa, ki karanta wa matan gidanku. Ku adana katin zaɓenku kamar yadda kuke adana iri. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku bi layi cikin lumana, ku jefa ƙuri'a, ku tsaya a ƙirga a gabanku. Kada ku bari a ba 'ya'yanku ƙwaya da gora su tare wa wani hanya, don mai tare hanya da gora ba shi da bakin kukan shinge.

Muna son ranar da yaron Kahu zai hango ɗan sanda da dare ya ji sanyi a ransa, ya ce ga mai tsarona. Muna son ranar da ɗan sanda zai shigo Kahu a ba shi ruwa da labarin ɓarawo, don an yarda da shi. Dokar da za ta kai mu can tana nan a rubuce. Saura masu tsaya mata, ku kuwa ke zaɓensu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya.